Yaron da Ba Ya Gaban Iyayensa: Tambayoyi da Amsoshi kan Riƙo

Wannan shafi an yi shi ne domin masu riƙon yara, da masu niyyar ɗauka, da ma'aikatan gidajen marayu, da dangin da aka wayi gari amanar ɗan ɗan'uwa ta faɗo hannunsu. Dokar riƙo ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka maganar takardu sai an tuntuɓi hukumar jin daɗin jama'a ko kotun inda mutum yake zaune. Abin da ke ƙasa ya shafi yaron ne shi kansa, da abin da yake bukata ko a ina yake.

Ba marayu ba ne kawai ake nufi?

A'a. Mutuwa ɗaya ce daga cikin dalilai masu yawa. Akwai mutuwar aure, da yaƙi da gudun hijira, da doguwar jinya, da ɗaurin kurkuku, da tafiya neman kuɗi mai nisa, da nakasar da iyaye suka kasa ɗauka, da cin zarafi a gida, da jaririn da aka tsinta. Babba a cikinsu kuwa talauci ne.

Alƙaluman UNICEF na shekarar 2015 sun nuna marayu kusan miliyan 140 a duniya, amma wannan lissafi ya haɗa har da wanda ya rasa uwa kaɗai ko uba kaɗai. Waɗanda suka rasa duka biyun kimanin miliyan 15 ne, kuma yawancin marayu suna hannun mahaifin da ya rage ko dangi. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne gidajen marayu. Wani bincike da mujallar Lancet mai kula da lafiyar yara ta buga a 2020 ya ƙiyasta yara kusan miliyan 5.4 ne ke zaune a irin waɗannan gidaje, rahoton ƙungiyar Save the Children na 2009 kuma ya ce huɗu cikin biyar na yaran da ke ciki suna da uwa ko uba a raye.

Waɗanne hanyoyi ake bi wajen kula da irin wannan yaro?

Sashe na 20 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita ranar 20 ga Nuwamba 1989, ya ce yaron da ya rasa iyalinsa yana da haƙƙin kariya ta musamman daga hukuma. Ya ambaci riƙo a hannun wani iyali, da kafala ta shari'ar Musulunci, da mayar da yaro ɗan gida ta hanyar kotu, sannan, idan ya zama dole, gidan kula da yara da ya dace. A lura da inda aka ajiye gidan yara a jerin: a ƙarshe, kuma da sharaɗi. Sashen ya ƙara da cewa a yi la'akari da addinin yaro da harshensa da al'ummar da ya fito.

A aikace dai, mafi yawan yara suna hannun kaka, gwaggo, inna, kawu, baffa ko yaya, ba tare da wata takarda ba.

Iyayen yaron ba su da komai. Ashe ba gata ba ne in ɗauke shi zuwa inda zai ci ya ƙoshi?

Niyyar mai kyau ce, amma a tsaya a yi tunani. Ƙa'idojin da Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya karɓa a Disamban 2009 kan kula da yaran da ba sa tare da iyayensu sun faɗi ƙarara cewa talauci shi kaɗai ba hujja ba ne ta raba yaro da iyayensa. Alama ce cewa gidan yana bukatar taimako. Ƙa'idojin sun dogara kan tambayoyi biyu. Ta farko: dole ne a raba yaron nan da gidansu? Ta biyu: in dole ne, ina ne ya dace da shi, shi ɗin nan, ba yara gaba ɗaya ba?

Sau da yawa tambayar farko ce ake tsallakewa. Uwar da ta miƙa ɗanta saboda kuɗin makaranta ya gagare ta, kuɗin makarantar take bukata. Wanda zai iya ciyar da yaro a gidansa yana iya ciyar da shi a gaban uwarsa, galibi ma da kuɗi ƙasa da haka. Tarihi kuma ya nuna inda "don amfaninsa ne" ke kaiwa. A Kanada an raba yaran 'yan asalin ƙasar kimanin 150,000 da iyayensu aka kai su makarantun kwana, a Ostareliya ma an yi makamancin haka, har sai da firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a gaban majalisa a Fabrairun 2008.

Ba a cewa kada a taɓa ɗauke yaro. Gidan da ake azabtar da shi, ko ake lalata da shi, ko aka bar shi da yunwa da gangan, barinsa a nan zalunci ne, kuma a gaggauta.

Gidan marayu mai tsabta, ga abinci, ga makaranta, ga magani. Me yaron ya rasa?

Ya rasa mutum nasa. Wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci a shafin nan, don haka za mu ɗan daɗe a kanta.

Jariri yana koyon duniya ne ta hanyar amsawa. Ya yi kuka, a ɗauke shi. Ya yi gwalantu, a mayar masa. Ya ji tsoro, ya ga fuskar da ya sani. Wannan maimaituwar, sau dubbai, daga mutum ɗaya ko biyu da ba sa canzawa, ita ke gina ƙwaƙwalwarsa da harshensa da yardarsa da mutane. Tun 1951 likita John Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a kan haka. A gidan da mai raino ɗaya ke kula da jarirai goma ko fiye, ta tashi aiki da yamma wata ta karɓa, baɗi kuma ta sami wani aiki ta tafi, wannan shaƙuwa ba ta da inda za ta tsiro, ko da masu rainon mutanen kirki ne. Yawancinsu ma mutanen kirkin ne. Tsarin ne bai ba su dama ba.

Ƙasar Romaniya ce ta nuna wa duniya haka ƙiri-ƙiri. Gwamnatin Ceausescu ta hana zubar da ciki a 1966, ta matsa wa mutane su yi ta haihuwa cikin ƙunci, da ta faɗi a Disamban 1989 sai aka tarar da yara sama da 100,000 a gidajen gwamnati. Waɗanda suka shiga ɗakunan jariran sun ba da labarin shirun da suka tarar. Gadaje a jere, jarirai idonsu biyu, babu mai kuka, wasu suna ta jijjiga kansu gaba da baya. Sun daina kuka ne domin sun gane ba mai zuwa.

A shekarar 2000 masana uku, Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah, suka fara bin diddigin yara 136 daga gidajen yara na Bukarest, babban birnin Romaniya. Rabi aka mayar da su hannun iyalan da aka horar, rabi suka ci gaba da zama yadda suke. Sakamakon da aka buga a mujallar Science a 2007 ya nuna a gwajin basira, lokacin da suka kai shekara huɗu da rabi, waɗanda aka bari sun sami maki kusan 73, waɗanda aka kai cikin iyali kusan 81, yaran da suka tashi a gidajen iyayensu kuwa kusan 109. Waɗanda suka fi farfaɗowa su ne waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu. Binciken Michael Rutter a Ingila kan yaran Romaniya da aka kai can ya nuna waɗanda aka fitar kafin wata shida sun kamo sa'o'insu kusan a komai, waɗanda suka daɗe kuma da yawansu sun girma da matsalar natsuwa da ta mu'amala.

Abu biyu ne a nan. Ɓarnar gaskiya ce, kuma tana gyaruwa gwargwadon saurin da aka yi. Shi ya sa ƙa'idojin 2009 suka ce yaro ɗan ƙasa da shekara uku cikin iyali ya kamata a kula da shi.

To sai a rufe gidajen marayu ke nan?

Ba da garaje ba. Rufe gida a watsa yara ba tare da shiri ba ya fi barinsa muni. Ruwanda ta fara sauya tsarinta a 2012, aka horar da ma'aikata, aka riƙa neman dangin kowane yaro, ana shirya iyalin da zai koma, ana kuma bibiya bayan ya koma. Aikin shekaru ne. Akwai kuma yaran da ƙaramin gida mai yara kaɗan da masu kula tsayayyu ya fi musu, kamar matashin da ya sha wuya a hannun iyalai daban-daban har ya ce shi ba ya son wani sabon gida.

Masu ba da taimako su ma suna da hannu. Inda kuɗi ke bin yawan yaran da ke gida, sai a sami masu zuwa ƙauyuka suna karɓo yara daga iyayensu da alkawarin karatu. A 2018 Ostareliya ta amince cewa wannan wani nau'i ne na bautar zamani. Kafin ku ba da kuɗi, ku tambayi masu gidan: yara nawa kuka mayar wa danginsu bara?

Ɗan ƙanina ne, jinina ne. Akwai abin damuwa a riƙon dangi?

Riƙon dangi shi ne mafi alheri ga yawancin yara. Sun san fuskokin, sun san harshen, ba a yanke su daga tushensu ba. Amma zumunci ba ya hana cuta. Abin da aka fi gani shi ne bambanci: 'ya'yan gida su tafi makaranta, ɗan riƙo ya tsaya shara da wanke-wanke; a yi wa kowa sabon kaya shi a ba shi kwance; shi ne farkon tashi, shi ne ƙarshen ci. Sai kuma gori. "Don ma an taimake ka." "Da ba don mu ba da yanzu kana titi." Yaro yana mance dukan da aka yi masa kafin ya mance irin wannan magana.

Aikin gida ba laifi ba ne in kowa yana yi daidai shekarunsa. Ma'aunin mai sauƙi ne: baƙon da ya kwana biyu a gidanku, zai iya nuna wane ne ɗan riƙo ba tare da an gaya masa ba?

A tuna da kakanni. Tsohuwar da aka tara wa jikoki huɗu tana da ƙauna, amma ƙarfi da aljihu sun yi ƙasa. Sauran dangi su ɗauki kuɗin makaranta da na asibiti, kada a bar mata ita kaɗai a kuma riƙa yaba mata daga nesa.

Yaron zai zo gidanmu cikin makon nan. Me za mu yi?

Ku rage hidima. Kada a tara masa 'yan kallo ranar farko. A nuna masa inda zai kwanta, da banɗaki, da inda ruwan sha yake, da wanda zai tasa in ya ji tsoro da dare. Kayan da ya zo da su, ko tsumma ne, kada a jefar, kada ma a yi saurin wankewa, ƙamshin gidansu ne a jiki. Lokacin ci da na barci su zama tsayayyu, domin yaron da rayuwa ta yi ta ba shi mamaki, sanin abin da zai faru gobe magani ne a gare shi. Kada a tilasta masa ya ce Mama ko Baba. Ku bar shi ya zaɓi abin da zai kira ku, bakinsa zai kama da kansa. A kai shi asibiti a duba shi, a ga katin rigakafinsa.

Tana ɓoye abinci a ƙarƙashin matashi, tana fitsarin kwance, tana ƙarya a kan abin da bai kai ya kawo ba. Halinta ne haka?

Ba hali ba ne, tarihi ne. Yarinyar da kuka ɗaga matashinta kuka tarar da guntun abincin jiya a ƙulle cikin leda, alhali ta ci ta ƙoshi, cikinta ya ƙoshi amma zuciyarta ba ta yarda gobe akwai ba. Kada a kira ta ɓarauniya, kada a tona ta a gaban yara. A ba ta ɗan kwano mai murfi a ce, "Wannan naki ne, duk lokacin da kika ji yunwa ki ci, in ya ƙare ki faɗa mini." Yawanci da kanta za ta daina, bayan watanni.

Fitsarin kwance yakan dawo wa yaron da ya riga ya daina idan ya shiga tashin hankali. Ba da gangan yake yi ba. A sa leda a katifa, a rage shan ruwa dab da barci, a wanke ba tare da surutu ba, in ya daɗe ko yana jin zafi a ga likita. Ƙarya kuwa, wanda ya taso inda faɗin gaskiya ke jawo duka ya koyi kare kansa da ita.

Akwai abu biyu da ke rikita masu riƙo. Na ɗaya, yaron da ya zo lafiya lau kamar ba shi, bayan wata ɗaya ko biyu sai rigima ta ɓarke. Wannan sau da yawa alama ce ya fara sakin jiki, yana gwadawa ya ga ko ku ma za ku kore shi. Na biyu, yaron da ba shi da ƙiwa ko kaɗan, wanda ke haye cinyar kowane baƙo, ya kama hannun wanda bai taɓa gani ba ya bi shi. Mutane kan yaba, su ce yaro mai son mutane. A wajen wanda ya tashi ba shi da mai raino tsayayye, wannan yana nufin bai san bambancin nasa da bare ba, kuma hakan yana jefa shi hannun mugu cikin sauƙi. Ku zama ku ne masu ba shi abinci, masu yi masa wanka, masu rarrashinsa, har ya san wajen wa zai gudu.

Ba za a hukunta shi ba ke nan?

A sa masa iyaka, yana bukatarta. Amma ban da duka, ban da horon yunwa, ban da kullewa a ɗaki, ban da barazanar "zan mayar da kai". Wannan ta ƙarshen ita ce mafi muni, domin abin da yake tsoro ke nan dare da rana.

In gaya mata ba ni na haife ta ba?

E, kuma tun tana ƙarama, da kalmomin da za ta gane, a riƙa ƙarawa tana girma. Sirrin da manya goma suka sani ba sirri ba ne. Wata rana za ta ji shi a bakin abokiyar faɗa ko a wajen cike takarda, ranar kuwa abu biyu za ta rasa lokaci guda, asalin da ta ɗauka nata ne da kuma yardar da ta yi muku. Yarinyar da ta taso da sanin labarinta ba ta da ranar da ƙasa za ta tsage da ita.

Sashe na 7 da na 8 na Yarjejeniyar 1989 sun ba yaro haƙƙin suna da sanin iyayensa da kiyaye asalinsa. Kafala ma a kan haka ta ginu: aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni a kira su da sunan ubanninsu, don haka mai kafala yana ciyarwa, yana tarbiyya, yana ƙauna, amma ba ya sauya nasaba.

Idan labarin mai ɗaci ne, kada a yi ƙarya, kada kuma a zagi iyayen. "Mahaifiyarki ba ta da lafiyar da za ta iya kula da yaro, kowane yaro, ba ke kaɗai ba." Sannan a faɗi abin da yara ke bukatar ji fiye da sau ɗaya: "Ba laifinki ba ne." Ƙananan yara sukan ɗauka rashin jinsu ne ya kori iyayensu. A ajiye mata hotuna da sunayen dangi da duk abin da aka sani.

Iyayensa suna son ganinsa, amma duk ranar da suka zo sai ya birkice.

Birkicewa bayan ziyara ba ta nufin ziyarar ta cutar da shi. Kewa ce. In babu hatsari, a ci gaba, a tsara ta da rana da lokaci, a gaya masa tun da wuri. In akwai tarihin cutarwa, sai da wani babba a wurin, ko a dakatar bisa shawarar hukuma. A tambayi yaron ra'ayinsa, sashe na 12 na Yarjejeniyar 1989 ya ba shi wannan haƙƙi. Kada a sa shi zaɓa tsakaninku da su, zuciyar yaro tana ɗaukar duka.

Su uku ne, ni kuma ɗaya zan iya ɗauka.

A yi iya ƙoƙari kada a raba su. Wa da ƙani da suka rasa iyaye, junansu ne kaɗai abin da ya rage musu na gida. In raba su ya zama dole, a sa su kusa, su riƙa haɗuwa a kai a kai.

Dukiyar da mahaifinsa ya bari fa?

Amana ce. A rubuta komai a gaban shaidu tun ranar farko, a ware ta daga taku, a ajiye lissafin abin da aka kashe, a miƙa masa in ya mallaki hankalinsa. Takardar haihuwa ita ma dukiya ce. Yaron da ba a yi wa rajista ba yakan sha wahalar jarrabawa da gado da tafiya, kuma shi ya fi saurin ɓacewa ba a sani ba.

Ni maƙwabci ne. Ina zargin ana cutar da 'yar riƙon da ke gidan kusa da mu.

Ku lura da tabon da bayaninsa bai yi daidai da shi ba, da rama, da daina zuwa makaranta, da aiki har tsakar dare, da firgita in an ɗaga hannu, da sanin abubuwan manya da suka fi shekarunta. In ta buɗe baki ta gaya muku, ku saurara, ku gaskata ta, kada ku yi mata tambayoyin ƙure, kada kuma ku yi alkawarin rufe maganar. Ku kai rahoto ga hukumar kare yara ko 'yan sanda. Ba sai kun tabbatar ba, binciken nasu ne. Ɗa na kowa ne, wannan kuwa ba ta da uwar da za ta tsaya mata.

Na gaji. Laifi ne in ce ba zan iya ba?

Gajiya ba laifi ba ce, riƙon yaron da ya ga tashin hankali aiki ne mai nauyi. Ku faɗa da wuri, tun ana iya taimaka muku da hutun kwana biyu, ko kuɗi, ko shawarar masani. Kowane sauyin gida sabon rauni ne ga yaro, don haka a gwada duk wata hanya tukuna. In ya zama sai ya tashi, a shirya shi, ya ziyarci sabon wurin kafin ranar, a haɗa masa kayansa a jaka mai mutunci, a gaya masa dalili ba tare da ɗora masa laifi ba, ku kuma ci gaba da nemansa.

In ya kai shekara 18 shi ke nan?

A takarda, a ƙasashe da yawa, e. Amma matasan da suka fita daga kulawar hukuma rana ɗaya ba tare da kowa ba su ne suka fi faɗawa rashin matsuguni da rashin aiki, shi ya sa wasu ƙasashe suka tsawaita tallafi, Ingila misali tana barin matashi ya ci gaba da zama da masu riƙonsa har 21. Shiri yana farawa shekaru kafin lokacin: sana'a ko karatu, riƙe kuɗi, girki, zuwa asibiti shi kaɗai, takardunsa duka a hannunsa. A kuma tabbatar akwai babba aƙalla ɗaya da ya amince zai ɗauki wayarsa komai dare, da gidan da zai iya komawa ya kwana in abu ya ɓaci.